Ranar da Baba Ya Shiga Bungudu da Zanen Mace

Gidanmu yana bayan Karakkai, shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Kakana ne ya sare dajin, ya haƙa rijiya, ya gina rumbuna. A shekarar farin nan ta farkon saba'inoni na zo ganin gida, ina da goyo.

Da safe Inna ta dama kunun tsamiya. Baba ya tuɓe riga, ya ɗaura bante, ya shiga yasar rijiya.

Da hantsi karnuka suka fara haushi. Sai muka ji hayaniya daga yamma. An baza magana cewa Baba ya ɓoye gero alhali mutane na cin ganyen tafasa. Rumbu ɗaya ne ke da hatsi, shi ma iri ne.

Masu zuwan ba baƙi ba ne. Na ga mijin gwaggona riƙe da gatari.

"Ku hito! Ku hiddo hatsi!"

Suka fasa rumbunan. Da suka tarar da sauran wayam, wani ya cinna wa danga wuta. Wana Sani ya tare ƙofa. Na ji ƙarar sanda sau biyu. Bai tashi ba.

Baba ya fito daga rijiya, jikinsa duk laka. Suka ja shi a ƙasa har banten ya kwance. Ina tsaye. Na ga abin da bai kamata ɗiya ta gani ba.

"Ku sheƙa!" in ji Inna.

Muka bi ta cikin karan dawa. Na kwance zanen goyo, na rungume jaririn, na miƙa wa Baba zanen, fuskata a gefe. Ya karɓa ya ɗaura.

Da la'asar muka shiga Bungudu, ranar kasuwa. Mutanen da ke durƙusa masa suka gan shi. Wasu suka sunkuyar da kai.

A Gusau wani ɗan kasuwa Kirista, mai sayen gyaɗarmu, ya ba mu ɗaki, ya ba Baba riga. Baba ya rayu shekaru bayan haka. Bai sake haɗa ido da ni ba.

Ba mu koma ba. An ce rijiyar ta rufta, filin kuma wani ke nomawa. Kakana da kakata suna can ƙarƙashin kunyoyi, tare da Sani. Ban san wanda ya yi masa sutura ba.