Gardamar Kan Tarwaɗa

Malam, Allah ya jiƙan shi, masunci ne a madatsar ruwan Goronyo. Tun da aka kai ni ɗakinshi ban taɓa cin kan tarwaɗa ba, shi ke ci. Ni rabona 'yan ƙananan kifin da ke saura a gindin kwando, in soya in tauna har da ƙaya. Cewa yake ƙarfin kifi duk a kai yake, kuma mai jan taru ya fi kowa buƙata. Ni kuwa in ce ƙananan sun fi. Ba sani na yi ba, don dai kada ya ji daɗi.

Wata shekara malamar asibitinmu, wata Kirista mai fara'a, ta shigo gidan. Ta ce akwai masu auna amfanin da ke cikin abinci, suna son kifin gulbinmu kowane iri, a aika masu birni. Malam ya gyara zama.

"Har kai za su auna?"

"Har kai, Baba."

"To a auna, in huta da bakin matar nan."

Da safe ya zaɓo tarwaɗa da karfasa da ƙananan, ya ce in ajiye wa baƙuwa. Mu kuwa a gidanmu ba a miƙa wa baƙo ɗanyen abu. Na wanke, na zuba daddawa da albasa da tattasai, na yi romo. Malama ta iso da akwatin ƙanƙara, ta buɗe kwano, ta riƙe baki.

"Inna! Ɗanye ake so!"

Malam ya ce, "Da gangan ta yi. Ta ga za ta faɗi, ta dafa shaida."

Muka zauna mu uku muka cinye shaidar. Shi ya ci kan.

Washegari da hannunshi ya kai mata wani, ko leƙa kwandon bai bari na yi ba. Daga nan duk ranar kasuwa sai ya biya asibiti: "Ɗiyata, mi suka ce?" Kullum ta ce amsa ba ta iso ba. Damina ta wuce, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ina cikin takaba malama ta zo gaisuwa. Da za ta tafi ta rage murya, ta ce amsa ta iso. Ƙananan nan da ake taunawa da ƙaya, su suka fi yawan abin da ke ƙarfafa ƙashi.

Na tuntsire da dariya, na juya in ce, "Ka ji ko?" Tabarmarshi na naɗe, jingine da bango. Kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza. Ga shi ma yanzu yana son dawowa, bari in share.

Kwanan baya yarana suka sa mani kan tarwaɗa a kwano, wai yanzu ni ce babba a gidan. Na ɗanɗana. Laushi, ga mai, ga romo a kowane lungu. Ashe tsohon nan ba ƙarfi yake nema ba, daɗi ne ya sani ya ɓoye. Na so in yi mashi masifa, ba hali. Na rufe kwanon, na ce a kawo mani ƙananan.