Kifin Ɗan Fari

A bakin kogin Bahar Azrak na ƙasar Sudan, ƙasa da garin Mai Wurno kaɗan, duk wanda ka tambaya wa ya san kifi zai nuna maka gidan Abdussalami. Tun gemunsa bai fito ba yake jefa birgi, har gemun ya fito ya yi fari fat. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwan da suka mutu a hannunsa Allah kaɗai ya san yawansu, kuma bai taɓa duban idon kifi ya ji komai ba sai tunanin miya. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu da taurin kai. Baƙo ba ya barin zaurensa sai ya sha ruwan randa mai sanyi, ya ci har ya nemi afuwa.

Ɗansa na fari shi ne Bilyamin. Uwar yaron ta rasu tun yana ƙarami, ƙanwar Abdussalami, Sabuwa, ita ta raine shi. Uban kuwa ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya gada. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, in zancensa ya kama sai ya ce yaron nan. Da Bilyamin ya ƙi jirgi ya tafi birnin Madani yana sayar da kifin ado cikin gilashi, Abdussalami ya daɗe yana ba'a a gaban abokansa cewa ya haifi mai sayar da kifin da ba a ci. Sai dai kowa ya lura ba ya gajiya da maimaita zancen.

Yaƙi ya shiga Madani a farkon sanyi. Bilyamin ya iso gida a bayan motar kaya, shi da matarsa Muhsina, da jaka ɗaya, da wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki a kan cinyarsa. A cikinta akwai ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, ja da shuɗi, jelarsa na yawo a ruwa kamar mayafin amarya. Ya ce sunan irinsa beta, shi kaɗai yake zama domin ba ya ganin ɗan'uwansa bai yi faɗa ba, kuma duk abin da ke shagon wannan kaɗai ya iya ɗaukowa. Bai daɗe ba ya shirya komawa, don uwar Muhsina tana can kwance ba mai fito da ita. Da zai tafi ya ajiye kwalbar a gaban ubansa.

"Baba, ga amana. Sai na dawo."

Abdussalami bai ɗaga kai daga tarun da yake ɗinkewa ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Daga ranar wayar Bilyamin ba ta ƙara shiga ba.

Sabuwa ta yi kuka a tsakar gida tana kiran sunansa, Muhsina ta yi nata a ɗaki. Abdussalami ba shi da wannan damar. Ko direbobin da ke zuwa daga Sinnar, garin da ke kan hanyar Madani, ba ya iya tambaya, sai dai ya tsaya kusa ya kasa kunne. Duk ƙaunar da ya ɓoye tun haihuwar yaron sai ta koma kan kifin, kuma a ransa ya ɗaura abu ɗaya, cewa in mai amana ya dawo zai tarar da amanarsa da rai.

Sai ya karɓi kifin yadda ya saba karɓar baƙo. Kowace safiya ya zubar da ruwan kwalbar gaba ɗaya, ya ɗebo na randar da ke inuwa, wanda ya kwana yana sanyi har yana kashe haƙori. Ya ajiye kwalbar a bakin tagar zaure inda iska ke kaɗawa. Shi wannan kifi ɗabi'arsa ce ya riƙa hawowa sama yana shaƙar iska, amma Abdussalami a kogi ya yi karatunsa, inda kifi ba ya buɗe baki a saman ruwa sai don yunwa ko zafi. Duk lokacin da ya hawo sai ya marmasa masa kisra, wainar dawar da ake ci a gidan, ko ya ƙara masa ruwan sanyi. Ɗan gwangwanin abincin da Bilyamin ya bari ma bai yi ƙarko ba.

Muhsina tana gani, kuma ta san ɓarna ake yi, don ta sha taya mijinta aiki a shago. To amma ina matar ɗa za ta shiga zaure ta gyara wa surukinta, kuma a kan kifi? Ta gaya wa Sabuwa dalla-dalla. Sabuwa ta ɗauki maganar ta rage mata kaifi har ba ta yankan komai, ta ce, "Yaya, wai yarinyar ga ta ce kifin ga shina jin sanyi." Abdussalami ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba. Ya ce shi da ya tsufa cikin ruwa bai taɓa ganin kifi da bargo ba.

Ba a jima ba wasu fararen ɗigo suka feso a jikin kifin kamar an barbaɗa masa gishiri. Ya riƙa goga jikinsa a gilashi, ya tsuke fukafukansa. Bakin jelar ya yi baƙi ya fara zaizayewa, jan nan ya koɗe, ya koma kwanciya a ƙasan kwalba. Tsoro ya kama Abdussalami sosai. Ya daina fita kogi, ya bar jirginsa a ɗaure, ya zauna gadin kwalba. Abokansa suka ce mai kashe giwan ruwa ya zama ɗan jinyar abin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba. 

Wata hantsi Muhsina ta kasa daurewa. Ta zo bayan ƙofar zaure ta durƙusa inda ba zai ga fuskarta ba, ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka gafarce ni. Ruwan randar nan shi ka kashe kifin ga. Kifin ƙasar zafi ne."

Abdussalami ya dubi kwalbar, ya dubi randar. Can ya ce ta ci gaba. Ta yi masa bayani cewa fararen ɗigon wasu ƙananan ƙwari ne da ke kama kifi idan sanyi ya raunana shi, kuma zaizayewar jelar daga ragowar kisrar da ke ruɓewa a ƙasa take. A ajiye ruwa a rana ya yi ɗumi kafin a zuba, a riƙa canza kaɗan kaɗan ba duka ba, a sa ɗan gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka. Hawowar da yake yi numfashi ne ba roƙo ba. Abu na ƙarshe kuma, a hana shi abinci na 'yan kwanaki cikinsa ya huta.

Ya bi maganarta kamar ɗalibi. Ya ɗauke kwalbar daga taga, ya naɗe ta da bargonsa, shi ya zauna da riga ɗaya. Ya koyi gwada ɗumin ruwa da bayan hannu. Kuma fararen ɗigon suka fara zubewa, har wata rana kifin ya buɗe abin da ya rage na jelarsa ya zaga kwalbar. Ranar Abdussalami ya yi aski, ya tsaya a tasha har la'asar yana duban motocin Sinnar.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, hana abincin. Duk sanda ɗan bakin nan ya buɗe a saman ruwa, sai zuciyarsa ta tafi wani wuri da bai sani ba, inda wataƙila wani ke buɗe baki haka ba mai ba shi loma. Sai ya duba ba kowa, ya marmasa kisra. Ya san an hana shi, amma hannunsa ba ya jin magana.

Cikin kifin ya fara kumbura. Bayan haka ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kamar ƙayar bushiya, idanunsa suka firfito. Wannan karon Abdussalami da kansa ya ɗauki kwalbar ya kai ƙofar ɗakin Muhsina, abin da bai taɓa yi ba. Ta leƙa kifin ta saman kwalbar. Daga baya ta ce mijinta yakan ce idan ɓawo ya tashi haka, cikin ya riga ya lalace, ko a Madani da magani a hannu da wuya a ga wanda ya tashi.

"Ba shi da magani ke nan, ɗiyata?"

"Babu, Baba."

Ta rufe fuska da mayafi, shi kuma ya juya da kwalbarsa. Duk su biyun sun san ba kifin kaɗai suke nufi ba.

Da safe aka tarar da kifin a kife, ya yi fari. Sabuwa ta ce a jefa wa kaji a huta. Abdussalami ya ɗauki kwalbar ya gangara kogi, ya kwance jirgin da ya daɗe a ɗaure, ya tuƙa har tsakiyar ruwa inda ba mai jinsa. Ya tuntsurar da ita a hankali, ɗan abin ya juya sau ɗaya ruwa ya tafi da shi. Sannan ya buɗe baki ya faɗi sunan da bai taɓa faɗi ba.

"Bilyamin."

Sunan ya fito masa a karkace, harshensa bai saba da shi ba. Ya sake kira da ƙarfi. Ba abin da ya amsa, sai ruwa da ke bugun gefen jirgi.

Ya koma kamun kifi, don gida sai da ci. Har yanzu ba labari daga Madani, masu dawowa sun daina kawo ko jita-jita. Kwalbar tana nan a zaure. Kowace safiya yakan wanke ta, ya cika ta da ruwan da ya sha rana, ya gwada da bayan hannu. Yanzu ya iya ɗumin ruwan sarai, ba ya kuskure ko kaɗan.