Batirin Jirgin Malam Isiyaku

A duk shekarun da na yi ina gyaran waya da kayan lantarki a Funtuwa, ranar da har gobe ba ta fita raina ba ita ce ranar da aka kira ni Dayi a kan wani ƙaramin jirgi marar matuƙi da ya faɗo. Duk sabon ma'aikaci nakan ba shi labarin kafin in bar shi ya taɓa batir, ku ma yau shi zan ba ku.

A lokacin ni ne babban mai gyara a shagon maigidana, Alhaji Sani. Ƙa'idar shagon ita ce duk kayan da aka kawo sai an buɗe masa kati: sunan mai shi, da abin da ya ce yana damunsa, da aikin da aka yi. Jiragen nan masu farfela huɗu ba su daɗe da fara zuwar mana ba. Yawancinsu na masu ɗaukar hoton biki ne, kaɗan ne na masu sha'awa kawai. Cikin masu sha'awar akwai Malam Isiyaku, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya koma noma a Dayi. Ɗansa ne ya aiko masa da jirgin, shi kuwa ya ɗauke shi abokin hira. Yakan tashe shi ya kalli gonarsa ta sama, ya ga inda ruwa ya kwanta da inda waken suya ya fara rawaya.

Wata Laraba cikin kaka ya kawo shi, ya ce injin farfela ɗaya yana kakarewa. Na duba, na ga ƙasa ta cinye shi, na sauya sabo. Da na zo zare batirin sai na ji ya yi tsauri a gidansa, sai da na sa ƙarfi. Na shafa bayansa da babban yatsa, na ji ya ɗan yi ciki. Na san ma'anar wannan sarai. Amma Malam yana zaune a benci yana gaya wa maigida cewa abin da ya sa yake zuwa wajenmu shi ne ba ma ƙirƙiro wa kaya ciwon da ba su zo da shi ba. Jin haka sai na haɗiye maganata. Na mayar da batirin, na tashi jirgin minti biyu a bayan shago, ya sauka lafiya. A kati na rubuta injin kawai.

Ranar Lahadi da hantsi maigida ya kira ni gefe. Ya ce jirgin Malam ya faɗo a gonar maƙwabcinsa, wuta ta tashi, mutum ya ƙone a hannu.

"Malam ya ce gyaranmu ne," in ji shi. "Ka je ka gani. Kada ka yi musu da dattijo. In laifinmu ne, ka dawo ka gaya mini haka."

Na ɗauki mitar awon wuta, da batirin gwaji na shago, na hau mota zuwa Malumfashi, daga can na shiga wata zuwa Dayi. 

Na sami Malam a bakin gonarsa ƙarƙashin ɗorawa, jirgin yana kan tabarma, ƙafar jirgin ɗaya a karye. Kusa da shi akwai Bawa, maƙwabcin nasa, manomin auduga, hannunsa na dama a naɗe da bandeji. Muka gaisa. Malam bai ɗaga murya ba, amma bai ce in zauna ba.

"Nasiru, shekara biyu jirgin nan bai taɓa faɗowa ba. Ka taɓa shi, kwana huɗu ya faɗo. Me zan ce?"

Na ce, "Malam, a ba ni dama in bi abin daki-daki."

A aikinmu, kafin ka kunce komai, tambaya ake fara yi: yaya ya faɗo? Jirgin da inji ɗaya ya mutu masa yakan karkace, ya yi ta juyi yana ƙara har ƙasa, domin sauran ukun suna aiki. Wanda wuta ta yanke masa kuwa shiru yake yi. Malam ya ce shi idonsa na kan waya, hoton ne kawai ya ɗauke. Sai na juya ga Bawa.

"Ina tsintar auduga, yana ta kukansa a sama kamar zuma," ya ce. "Sai kukan ya yanke ɗif. Na ɗaga kai, ga shi nan tafe kamar an saki dutse."

Ya nuna mini wurin. Taku biyar ne tsakaninsa da tarin audugar da iyalinsa suka yi kwanaki suna tsinta. Batirin ya fice daga gidansa, ya fara huci da hayaƙi a cikin busasshen kara. Bawa ya kai hannu ya jefar da shi nesa da audugar, a nan ya ƙone. Daga baya ya sa fartanya ya binne shi da ƙasa. Na tsaya ina kallon baƙin wurin, ina kallon farar audugar.

Na dawo kan tabarma na cire farfelun duka huɗu, na sa batirin shago, na tayar da injinan. Duk suka juya daidai, har da wanda na sauya. Sannan na karɓi wayar Malam. Irin waɗannan jirage suna ajiye tarihin kowane tashi a waya, har da ƙarfin batir daƙiƙa bayan daƙiƙa. Batirin nasa ɗakuna uku ne a ciki, mu muna ce musu sel, kuma a jere suke aiki kamar mutum uku da suka ɗauki gungume ɗaya. In ɗaya ya durƙusa, ƙarfin sauran biyun ba ya hana kayan faɗuwa. Tarihin ya nuna batirin yana da fiye da rabin caji. Amma da Malam ya matsa jirgin ya yi sama da sauri, sel biyu suka tsaya wajen bolt uku da ɗigo bakwai, na ukun ya rufto ƙasa da uku. Daga nan rubutun ya ƙare.

Na nuna masa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"To ai waya ta ce da saura."

"Waya ƙiyasi take yi, Malam. Gajiyayyen sel, in yana hutawa, lafiya lau yake nunawa. Sai an ɗora masa nauyi asirinsa ke tonuwa. Ina ake ajiye batiran?"

Ya ce a mota, cikin aljihun gaba. Kullum a cike yake barin su, don kada sha'awar tashi ta zo masa babu caji. Tun bayan shuka bai tashi jirgin sosai ba, sun fi wata biyu a nan, motar kuwa a rana take wuni. Batir biyu gare shi, sai na ce a ɗauko na biyun. Na ɗora shi a kan murfin akwatin jirgin, na taɓa gefensa, sai ya yi ta lilo a kan cikinsa. Batir mai lafiya a shimfiɗe yake kwanciya.

Malam ya yi ajiyar zuciya. "Ashe ni ne. Nasiru, na zarge ka a banza. Ka yafe mini. Zauna mana."

A nan ne wurin da nake so ku saurara. Magana ta ƙare, shago ya fita daga zargi, ba wanda ya san abin da yatsana ya ji ranar Laraba sai ni da Allah. Na zauna, amma idona ya ƙi barin bandejin Bawa.

Na ce, "Malam, akwai saura. Ranar da ka kawo shi na ji batirin ya kumbura. Na sani, ban faɗa ba. Na ji tsoron kada ka ce ina neman sayar maka da sabo."

 Bawa ya dube ni, ya dubi hannunsa.

Can Malam ya ce, "Da ka faɗa, wataƙila da na ji haushi. Wataƙila ma da ban yarda ba. Amma da ka sauke nauyinka. Na yi shekaru ina kiran iyaye ofis ina gaya musu abin da ba sa son ji game da 'ya'yansu. Wasu sun daina gaishe ni. Ban taɓa ganin yaron da shirun malami ya gyara ba."

Na juya na ba Bawa haƙuri. Ya ce, "Hannu zai warke. Audugar ce da ta kama, da bana mun shiga uku. Ka dai gaya masa yadda zai yi, tunda na san ba dainawa zai yi ba."

Malam ya yi murmushi, karo na farko a ranar.

Na gaya masa abin da nake gaya wa kowa yanzu. Batir ba ya kwana a mota. In za a yi kwanaki ba a tashi ba, a bar shi da kamar rabin caji, a inuwa, cikin tukunyar ƙasa ko gwangwanin ƙarfe, nesa da katifa da buhunan hatsi. Ba a sa shi caji a tafi masallaci ko kasuwa, kuma in ya sauko da zafi a bar shi ya huce tukuna. Wanda ya kumbura ko ya sha faɗuwa, aikinsa ya ƙare. Ba a huda shi, ba a danne shi don ya koma, ba a jefa shi bola inda ake cinna wuta. Na biyun nan a bokitin yashi na taho da shi Funtuwa, na jona masa ƙwan fitilar babur a tsakar fili har ya zuƙe sauran wutar, sannan muka haɗa shi da matattun batiran da ake kwashewa.

Da na dawo na gaya wa maigida komai, har da nawa. Bai yi faɗa ba. Ya jawo katin Malam ya duba, ya ce daga yau a ƙara layi ɗaya: halin da batir yake ciki, kuma a karanta wa mai kaya kafin ya tafi. Layin da kuke cikewa ke nan kullum, wasunku suna ƙorafin ɓata lokaci ne. Malam da kansa ya riƙa kai Bawa asibiti wankin ciwo har hannun ya warke, sai dai tabon yana nan. Jirgin ma na gyara ƙafarsa, yana tashi har yanzu.

Abin da na koya shi ne, gano ciwon kaya ba shi ne mai wuya ba. Mita da waya za su nuna maka, in ka bi a hankali. Mai wuyar shi ne buɗe baki a gaban mutumin da kake jin nauyinsa, lokacin da yake tsakiyar yabonka. Mutanenmu suna gudun mai gyara mai ƙirƙirar ciwo, kuma suna da gaskiya. Amma kada gudun wannan suna ya sa ku ɓoye ciwon da kuka gani da idonku. Mai kaya yana da ikon ya ƙi shawararku. Wanda ke tsintar auduga a ƙarƙashin jirgin kuwa, ba wanda ya tambaye shi.