Dattijon da Ya San Ƙofar Gidanmu

Shekaru da dama ke nan, lokacin ina jin kaina wani jarumi don kawai na iya riƙe kyamara, abokina ya ce in raka shi wani ƙauye a bayan Roni. Fim yake haɗawa na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan mutanen da aka kashe a wani rikicin zaɓe. An gaya masa shugaban 'yan bangar da suka yi kisan yana can yana noma, ko ofishin 'yan sanda ba a taɓa kiransa ba.

Na zaci zan ga ƙato mai jajayen idanu. Sai ga dattijo da farar hula a zaure yana ɓarar gyaɗa. Har fura ya sa aka dama mana.

Abokina ya ce, "Baba, kana nadama kuwa?"

Ya yi dariya. "Nadamar me, ɗana? Aiki aka sa mu. Waɗanda suka sa mu suna nan kan kujerunsu, duk Sallah sai sun aiko min da rago."

Sai ya miƙe, ya ce in matso da kyamara. Ya gwada mana yadda suke tare hanya, su sauko da mutane daga mota, su jera su. Ya kama kafaɗar abokina ya durƙusar da shi don misali. Ni kuwa na ci gaba da ɗauka.

Da za mu tafi ya rako mu har gindin babur, ya dube ni ya ce, "Kai ba ɗan Hajiyar nan ba ne mai man gyaɗa a Kazaure, gida mai shuɗiyar ƙofa? Ka gaishe ta."

Ko sunana ban faɗa masa ba, balle garinmu.

Na isa gida na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna ina ta kallonta har ta ce, "Kai, lafiya?" Na ce lafiya lau, Inna. Gaisuwar nan ban isar da ita ba.

Abokina ya kammala fim ɗin, na roƙe shi ya cire sunana, ya cire. Sau ɗaya aka nuna shi, a wani ɗaki da ƙofa a rufe. Ba a kama kowa ba. Dattijon a kan gadonsa ya rasu, an ce motocin manya sun cika ƙauyen ranar jana'iza.

A zauren nan na gane cewa wanda ya tabbata ba za a tambaye shi ba, ba ya bukatar ɗaga murya. Komai ya wuce, Inna tana nan lafiya. Amma har yau idan wanda ban sani ba ya ce in gaida mutanen gida, sai gabana ya faɗi kafin in iya cewa za su ji.