Na Je Yamai In Kwance Ƙafar Jikana

Daga sallar asuba muka shiga kar, babbar motar fasinja, a Tawa, ni da maƙwabciyata, ita ce ma take rubuta mini wannan. Abin da ya tashe ni hoto ne da aka nuna mini a salula: jikana, ɗan tseren keke, ya kife a gudro, wato kwalta, ƙafafunsa na manne da feda. Wai ya sake feda, ya sa irin mai kama takalmi.

Malam mijina, Allah ya jiƙansa, igiyar rijiya ce ta naɗe masa ƙafa, san da ke jan guga ya ja shi. Ni na fara isa kansa. Har gobe in na ga ƙafa a ɗaure, numfashina tsayawa yake.

A Ƙonni aka sayo mini kilishi, na kasa ci. Bayan Dogonduci muka wuce wata babbar mota kwance a gefen hanya, na ja mayafi na rufe fuska. Yamai kuwa moto, wato babura, kamar fari. Da taksi ta hau gada zuwa unguwar Harobanda, na riƙe kujerar direba har ya ce, "Inna, sake ni in tuƙa."

Na tarar da jikan nawa wurin mai gyaran keke, gwiwa a kumbure.

"Amaryata, da kanki?"

"Rufe mini baki, angon banza. Kakanka bai ishe ni ba?"

Mai gyaran ya ce sabuwar fedar ba ta kai tsohuwar kauri ba, sirdi ya yi masa tsawo, shi ya ci gwiwar. Ya sauke sirdin kaɗan, ya gyara ƙarfen ƙasan takalmin, ya sassauta abin da ke kamawa.

Na ce ban yarda ba sai na gani. Jikan nawa ya hau, ya dafa bango, ya murɗa diddige waje. Ƙas, ƙafa ta fita. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya rufe ido ya yi. Bai bar yi ba sai da aka kira la'asar, ina zaune ina hawaye, masu shayi na kallona.

Ban raba shi da keken ba, ban iya ba. Na dawo Tawa da tsorona, sai dai na ga ɗaurin da mutum ke kwancewa da kansa. Da igiyar Malam irin wannan ce, da yanzu shi zan ba labarin.