Makullin Ruwan Na-Iya da Bangon Tela

Rigimar farko da Na-Iya ya sha ƙasa a kanta, ta fanka ce. Ya kwance ta, ya mayar, ƙusoshi suka yi saura a tafin hannunsa, ya ce dama masu ƙera ta ne suka yi almubazzaranci. Aka kunna, ta yi gurnani ta tsaya.

“Ai ta gyaru, Malam,” in ji matarsa. “Saura ka hau kujera ka riƙa juya mana ita.”

Tsohon direban bas ne. Tun da gwiwa ta sauke shi daga mota ya tare a gida da akwatin kayan aiki, kuma bakinsa bai san “ban iya ba”, shi ya sa sunan ya bi shi. Mutumin kirki ne, in dai ba ka bar masa rediyonka ba.

A saman bene suke haya. Ƙarƙashin banɗakinsu shagon wani tela ne, mai sanyin hali, mai gaishe ka sau biyu don kada ta farko ta ɓace a hanya.

Makullin ruwan banɗakin ya fara ɗiga daga gindi, inda ya haɗu da bututun roba a jikin bango. Matar ta ce a kira mai gyaran famfo. Na-Iya ya ce ina, yana raye? Ya yanko robar tsohuwar taya ya naɗe wurin tamau. Ɗigon ya daina sauka a daɓe, ya koma bin bututu yana shigewa bango.

Ba a jima ba bangon tela ya kumbura. Fumfuna ta kama yadin mutane, ciniki ya fara janye jiki. Kuma wa tela zai kira ya duba masa? Na-Iya.

Ya sauko, ya dafa bangon, sanyin ya ratsa shi har ciki. Ya san ruwansa kamar yadda ya san tarinsa.

“Daga ƙasa take tasowa,” ya ce. “Damshi ne.”

“Allah ya saka da alheri, Yaya.”

Wannan addu’a ta hana shi sakat. Ya daina bi ta ƙofar shagon. Canza makullin kuwa sai an rufe babban makullin ruwan gidan gaba ɗaya, kowa ya fito ya tambayi dalili. Kullum sai ya ce gobe, har shekara ta zagayo.

Ran da ya ga tela yana ɗaure kekensa da igiya, wai zai nemi wani shagon, ko shayinsa bai shanye ba. Ya sayo sabon makulli da gam, ya rufe ruwan gida. Ya sa zarto ya yanke ruɓaɓɓen, ya goge bakin bututun ya bushe, ya shafa gam, ya zura sabon ya riƙe. Karon farko a rayuwarsa ya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani: a bari ya bushe kafin a saki ruwa.

Kafin la’asar ’yan haya sun cika matakala da bokitai. Wata mai wanki a cikinsu ta fi kowa murya.

“Wa ya naɗa ka sarkin ruwa? Buɗe mana!”

Tela ya shiga tsakani. “Haba, ku ji tsoron Allah. Bawan Allah yana gyaran gidansa, ko ni da bangona ya dame ni bai taɓa ƙin saukowa ba.”

Matar Na-Iya ta ja hannun rigar mijinta. “Yi shiru, Malam, ka ci bulus.”

Mai wanki ta buga bokiti. “Mu ina ruwanmu da bangonsa?”

Na-Iya ya dubi tela, ya sunkuyar da kai, sannan ya juyo ga mai wankin.

“Tun bara ruwan banɗakina ke zuba a kan mutumin nan, yana yi mini addu’a. Ke yini ɗaya ne ya gagare ki?”