Tofin Kaka da Daskararren Hayaƙi

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba zan manta da yammacin da kakarmu ta kusa yi wa kayan aikin ƙanwata tofi ba.

Ƙanwar tawa karatun kimiyyar fizik take yi a Turai. Da ta zo hutu gida Bande, ta taho da wani abu cikin ɗan akwati, wai sunansa ayirojel. Faɗinsa kamar tafin hannu, shuɗi-shuɗi, ba nauyi, ka ce hayaƙi ne ya daskare. Ta ce a cikin wani injin bincikensu ake jera shi. Idan ƙwayoyin da ido ba ya gani suka ratsa shi a guje sai su bar ɗan haske, da hasken ake gane wace ƙwaya ce ta wuce. Malaminta ne ya ara mata don ta nuna wa 'yan lise, wato 'yan sakandare, a Magarya, da sharaɗin ta mayar da shi lafiya. Irin nata kuwa ba ya shiri da ruwa, ɗigo ɗaya ya taɓa shi wurin ya yi fari, ya tashi aiki.

To ita Kaka, sabon abu ba ya shiga gidanmu bai sha tofinta ba, ko babur ko jariri. Tana gani ta ce, "Miƙo nan in sa masa albarka."

Wa ya isa ya hana? Ta ɗora akwatin a cinya a buɗe, ta kama addu'a. Wallahi gumi ya karyo mini. In na fizge ya farfashe, kuma na zama wanda ya fizge abu daga hannun Kaka a gaban duk gida. In na yi shiru, da wane ido yarinyar nan za ta dubi malaminta? Ina ta kallon leɓunan tsohuwa.

Tana tattara baki sai ƙanwata ta durƙusa, ta rufe akwatin da tafukanta. Ta ce, "Kaka, wannan na aro ne, zai koma wurin mai shi. Hannuwan nan su ne naki, kuma su ke aikin."

Kaka ta harare ta har na ce shi ke nan, ta ɓata. Can ta ce, "Ja'ira, ni za ki yi wa wayo?" Sai ta kama hannuwan, ta tofe su sosai.

A ranar na koyi cewa babba ba a hana shi, sai dai a miƙa masa abin da ya fi so.